Na Je Ɗauko Yero da Kayan Aro

Tun da na dawo daga daji ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin majalisarmu ta ƙofar shagon tela a Magajin Gari, sai wani ya matso: "Hedimasta, wai da gaske ka kwana a ruga? Ka gan su? Me suka ba ka ka ci?" Na ba da labarin guntu-guntu ban san sau nawa ba, kuma kullum ina datse wurin da bai yi mini daɗi ba. Jiya na ji tela yana gaya wa wani baƙo cewa na yi kokawa da mutum uku a bakin rafi. Shi ya sa na ɗauko biro. Gara in rubuta shi ɗungurungum, har da wurin da nake datsewa, kafin a kai ga cewa na kashe zaki.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabi'u, tsohon hedimastan firamare. Na yi ritaya da hawan jini da ciwon gwiwa da tumbi. A majalisa kuwa muƙamina ya fi haka, don ni ne masanin halin Bafulatani. A shekarun nan da daji ya lalace, in aka kawo labarin sata ko hari, ni ake juyowa a kalla, ni kuma in gyara tabarau in yi bayani. Bafulatani ba ya mantuwa, ba ya yafiya. In ya yi shiru yana ƙulla wani abu ne, in ya yi dariya ya gama ƙullawa. Ban taɓa rasa amsa ba. Kada kuma a ce don ƙeta nake yi. Ƙanena Lawal a gonarsa ta wajen Kakangi aka harbe shi da fartanya a hannu, ni na ɗauko gawarsa. Tun daga ranar duk mai sanda da malafa fuskarsa ɗaya ce a idona. Har na taɓa ce wa majalisa, ana ta jinjina mini, duk ranar da suka ji na bugo waya daga daji ina yabon Bafulatani, to su tabbata akwai bindiga a ƙeyata. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Abin da ban cika faɗa a majalisa ba shi ne ina da ɗan'uwa Bafulatani. Mahaifiyarsa Daso ƙawar Iyata ce, ita ke kawo mata nono ranar kasuwa. Ta rasu tana jego, aka kawo jaririn gidanmu, Iya ta haɗa mu ta shayar. Sunansa Yero. A gidanmu ya yi wayo kafin danginsa su ɗauke shi. Daga baya yakan zo gaida Iya lokaci-lokaci, amma ni ina can ƙauyukan da ake tura ni koyarwa, har muka yi kusan shekara talatin ba mu sa juna a ido ba. Bayan rasuwar Lawal ni da kaina na aika masa cewa kada ya ƙara tako mana ƙofar gida. Bai ƙara ba.

Bana da damina Iya ta kwanta. Idonta ya daɗe da rufewa, yanzu ga jiki ya ƙi. Da yake an ɗan samu lafawa, kasuwa ta buɗe, matan Fulani sun fara leƙowa, sai ta riƙa ba su saƙo zuwa ga Yero, shiru ba amsa. Wata safiya ta ture kokon da na kai mata ta ce, "Sabi'u, biyu na shayar a shekarar da na haife ka, ɗaya nake ji a ɗakin nan. Ka je ka zo mini da Yero in taɓa fuskarsa. In ka tsaya shawara da abokanka, sai dai ya zo ta'aziyya."

Na tsaya shawara da abokaina.

Isuhu ne ya fara magana. Da rana facin taya yake yi, sauran lokaci shi ne kwamandan 'yan sa-kai masu tsaron shingen bakin gari. Ya ce, "Hedimasta, da wannan babbar rigar za ka shiga daji? Ai tun daga nesa za a hango Alhaji yana tafe." Majalisa ta yanke cewa in yi shigar Fulani. Isuhu ya ɗauko mini kaya daga cikin waɗanda suka ƙwace a shinge: malafa, sanda, takalmin roba, da wata 'yar shara da aka ɗinka wa mutumin da bai taɓa ƙoshi ba. Tela ya koya mini in riƙa cewa "aradu" a kan kowace magana. Na sayi ƙullin kanwa babba don shanun Yero, saboda masani ba ya zuwa ruga hannu rabbana.

Wanda zai kai ni shi ne Ɗanjuma, wani Bagwari mai acaba da ya ba hamsin baya. Duk tsawon rikicin nan yana shiga yana fita da gishiri da magani ba wanda ya taɓa shi. Hausawa na ganin Bagwari ba shi da wayon cin amana, Fulani ma haka suke gani, shi kuwa da wannan rainin ya yi wa gidansa rufin kwano. Da ya zo da safe ya same ni a zaure, ya daɗe yana kallona.

"Malam, wasan kwaikwayo ake yi a makaranta?"

Na ce ya tayar da mashin mu tafi.

Iyakar ƙasarmu igiya ce da aka ɗaura wa ledoji, an gitta ta tsakanin ganga biyu. Kafin mu tsaya wani ƙato da na koya wa karatu da hannuna ya saita mini bindigar toka a ƙirji yana cewa, "Sauko, ɗan ta'adda!" Sai da Isuhu ya fito yana dariya har da riƙe ciki. Muka ɗauki wannan a matsayin shaida cewa shigar ta yi. Ba wanda ya tsaya tunanin cewa ta yi ne kawai a idon waɗanda suka tsara ta.

Hanya ba abin da zan ce da ita sai addu'a. Mun wuce ƙauyuka biyu da ba kowa, har da makarantar da na fara koyarwa, ciyawa ta kai taga. A na uku mutane sun dawo, sun shuka masara har bakin kango. Mata suna hango ni suka shige gida da gudu, na ji ana rufe ƙyaure. Na buɗe baki zan yi musu sallama irin tamu, sai na tuna ko ni wane ne yau. Gaba kaɗan malafa ta tashi sau biyu, a na uku na kai hannu zan cafe ta, muka kife cikin taɓo. 'Yar sharar nan ta yage daga hammata zuwa ƙugu. Ɗanjuma ya ɗaga mashin ya ce bai taɓa ɗaukar Bafulatani mai nauyi kamata ba.

Wajen azahar muka iso rafi. Ba gada, wasu ƙarti ne ke zura gungume a mashin su ɗauka a kafaɗa su haye da shi. Ɗanjuma ya gangara wurinsu ya bi layi, ni kuma na nufi inuwar wata kanya. A nan na tarar da wani Alhaji. Ya riga ya hayo daga wancan ƙetaren, yana jiran a hayo da mashin ɗin da ya ɗauko shi. Babbar riga ce a jikinsa ta shuɗiyar shadda, da hula zanna.

Da farko zuciyata ta yi sanyi, na ce ga ɗan'uwa. Sai na ƙara dubawa. Hular ta yi masa kaɗan, ta ɗare a tsakiyar kai. Rigar kuwa ya rasa yadda zai yi da hannayenta, sai naɗe su yake yi yana cusawa a hammata. Ga benci amma ya tsuguna a kan dugadugansa. Can nesa wata saniya ta yi kuka, wuyansa ya juya da kansa kafin ya kamo shi. Bafulatani cikin kayan Hausawa, ya nufi gari! Ai ni na sha koyar da wannan babi a majalisa: infoma ke nan, mai leƙo wa ɓarayi gidan da za a shiga.

Shi ma kallona yake yi, ya kalli tabarau, ya kalli tumbin da ke leƙe ta yagar riga, ya kalli sandar da na riƙe ta tsakiya kamar zan nuna rubutu a allo.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni Alhaji Garba, ɗan kasuwa ne, ranka ya daɗe."

"Aradu wa alaikumus salam. Ni Buba ne. Aradu ina da shanu."

"Madalla. Guda nawa?"

"Aradu da yawa."

Ya laluba aljihu ya fito da goro ya miƙo mini, tunda an gaya masa Bahaushe ba ya rabo da goro. Na karɓa na ɓoye a tafin hannu, tunda na san me ake sa wa a goro. Don kada ya gane ni, sai na ga ya kamata in zagi Hausawa. Na ce aradu manoma sun cinye burtali, hanyar da shanu ke bi tun kaka da kakanni, sun mayar da ita gona, sannan in saniya ta taka a ce ɓarna. Abin mamaki, maganar ta fito sumul ba gargada. Ban sha wahalar nemo misali ba, domin kunya takwas na gabashin gonata a kan burtali suke.

Alhaji Garba ya ga an bar shi a baya, shi ma ya ɗauka. "Wallahi ranka ya daɗe, Fulanin nan ne ba su da amana. Yaron da ka sani tun yana bin maraƙi, shi zai zo da bindiga ya kore maka garke, kana roƙonsa da sunan ubansa yana dariya." Muryarsa ta yi rawa. Na ce a raina, kai, wannan infoma ya iya wasa.

Haka muka zauna, ni ina tsine wa mutanena, shi yana tsine wa nasa, kowa na gyaɗa wa ɗan'uwansa kai, kowa na gumi.

A duk yankin nan wuri ɗaya ake samun sabis, kan wani tsohon suri da ke bayan kanyar, har ƙafafun mutane sun yi masa matakala. Na miƙe, shi ma ya miƙe. "Bisimilla Alhaji, kai ne babba." "A'a ranka ya daɗe, kai ne baƙo." Ni na fara hawa. Na juya baya na rufe baki da malafa na kira Isuhu. Na ce ga infoma nan tafe, shuɗiyar shadda, hula zanna, ya ce sunansa Alhaji Garba, kada a bari ya shiga gari. Isuhu ya ce, "An gama, Hedimasta. Allah Ya bar mana kai." Na sauko ina jin kaina kamar wanda ya ceci gari. Alhaji ya hau bayana, shi ma ya juya baya yana raɗa. Muka yi sallama da fatan alheri, kowa ya kama gabansa.

Da la'asar muka isa rugar su Yero, muka tarar ba kowa. Ga tukunya a kan wuta tuwo na ƙonewa, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakar fili, ga kaji na yawo. Mutum ɗaya ya rage, wani tsoho tukuf a kan buzu a gindin ɗorawa. Ya ɗago ya ce cikin Hausa mai ɗan nauyi, "Ni ƙafa ba ta gudu. In harbi ne ku yi. Ina sauran rundunar?"

Na waiga. Rundunar ita ce ni da Ɗanjuma da ƙullin kanwa.

Ɗanjuma ya durƙusa ya gaishe shi da Fulatanci, ya ce wannan Baffa Jaɓɓi ne, ƙanen mahaifin Yero. Baffa ya nuna saman ɗorawa, inda aka rataye wata 'yar waya a cikin safa, don a can kaɗai take kamawa. Ya ce ɗazu ta yi ƙara, aka ce musu ga ɗan leƙen asirin 'yan sa-kai nan tafe cikin kayan Fulani, kowa ya yi ta kansa. Wato ni, da hawan jinina, na tashi ruga guda. Na cire malafa na ce ni ne Sabi'u ɗan Iya, na zo ɗaukar Yero.

Tsohon ya daɗe yana dubana. "Yero ai ya tafi wurin uwarsa tun da safe. Saƙonta ya iso shekaranjiya. Shi ne ma ya bugo."

Na ce, "Wane kaya ya sa?"

"Wata shuɗiyar riga ya aro da hula, don kada mutanenku su kama shi a shinge."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Goron nan yana tafin hannuna har lokacin, ya jiƙe da gumi. Ɗanjuma ya kalle ni, ya kalli gefe. Ya ga lokacin da na hau suri, kuma shi ba shi da ƙarancin wayon da muke ba shi.

Wayata ba ta kamawa a nan, dole sai ta saman ɗorawa, kuma ba a sauko da ita. Na hau wani gungume da aka sassaƙa wa matakai, gwiwata na kuka. Kafin in kai, mutanen ruga sun fara fitowa daga cikin masara ɗaya bayan ɗaya, suka taru a ƙasa suna kallon ɗan leƙen asiri a kan bishiya. Na danna lambar Isuhu da ka.

"Isuhu, ni ne Hedimasta. Mutumin nan yana hannunku?"

"Tun ɗazu. Wannan lambar wace ce?"

"Ta ruga ce. Ka sake shi yanzun nan. Ɗan'uwana ne Yero, mutumin kirki ne, wurin Iya za shi."

Sai ya rage murya. "Mutumin kirki ka ce?"

"Mutumin kirki, wallahi!"

"Inna lillahi. Hedimasta, mun gane. Kada ka ƙara cewa komai, kada su ji. Za mu matse shi sai ya faɗi inda suke riƙe da kai."

Na yi ihu cewa ba wanda ya riƙe ni, tuwo ma za a ba ni. Ya ce, "Allah sarki, har da tuwo suka ce ka ce," ya kashe waya. Na sake kira sau huɗu. Duk rantsuwar da na ƙara, sai ya ƙara tabbata. Ni na rubuta masa darasin, kuma bai taɓa zama ɗalibi mai ƙoƙari ba sai ranar.

Kafin in sauko hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Ɗanjuma ya ce rafi ya cika ke nan, ko kifi ba zai haye ba sai gobe.

Mutanen ruga sun ji duk abin da na faɗa, sun san an kama Yero. Abin da ba su sani ba shi ne dalili, kuma ba wanda ya tambaya. A wurinsu Haɓe, wato mu, sun kama Bafulatani a shinge, wannan ai ba ya buƙatar dalili. Na ɓuya a bayan wannan zato nasu. Wani mai jan ido ya ce a riƙe ni har sai an sako Yero. Baffa Jaɓɓi ya girgiza kai. Ya ce Kaɗo, wato Bahaushe, bai san zumunci ba, ko shekara za a yi ana riƙe da ni ba mai zuwa nemana, asarar tuwo kawai za a yi. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Aka sauke ni a bukkar Yero, a kan gadonsa na kara. Na miƙa kanwa na ce ga ta shanu. Sai kowa ya sunkuyar da kai. Baffa ya nuna mini abin da ya rage: awaki uku da wata tsohuwar saniya da ta daina ba da nono. Yawancin garken yaran daji suka kore, Fulani 'yan'uwansu. Sauran da Yero ya tsira da su aka ƙwace a hanyar kasuwa, aka ce na sata ne. Yanzu masara suke nomawa. Sai na tuna muryar da ta yi rawa a gindin kanya.

Ku da kuke tambayar me aka ba ni na ci, ba fura ba nono. Tuwon masara ne da miyar kuɓewa, an zuba mata barkono kamar ana fushi da ita, don sun san Kaɗo ba ya cin abinci sai yana hawaye. Aka ajiye kwano, kowa ya fice ya bar ni. A wurinmu wannan wulaƙanci ne, a wurinsu girmamawa ce, don kunya ce a ga bakin babba yana tauna. Zan faɗi gaskiya: duk da halin da nake ciki, sai da na shinshina tuwon nan kafin in ci. Hanci ya riga ya saba.

Bayan magariba Baffa ya zo taya ni hira, a nan na gane na gamu da takwarana. Shi ne masanin halin Kaɗo na wannan ruga. Ya gyara zama kamar yadda nake gyara tabarau. Ya ce Kaɗo ba ya mantuwa, ba ya yafiya. In ya yi maka fara'a gonarsa ce ke shirin matsowa, in ya haɗe rai ta riga ta matso. Duk bakinsu ɗaya, duk 'yan sa-kai ne, wanda bai riƙe bindiga ba ya riƙe waya. A wannan na ƙarshe na ƙware da yawuna. Ya ce, "Amma kai daban ne, da uwarka. Matar da ta shayar da maraya, a bincika da kyau, akwai jinin Fulani a jikinta." Na ce Iya Bahaushiya ce gaba da baya. Ya yi murmushin tausayi ya ce ba a gaya mini ba ne. Na tambayi Ɗanjuma shi me ya gani. Ya ce shi kakansa ya gaya masa mu da su duka baƙi ne, kuma duka mun cika surutu.

Ban runtsa ba. Asuba na yi muka kama hanya. Rafi ya ɗan ja, ruwa iya ƙirji, na haye da ƙafata ina riƙe da tabarau a sama. Malafa ta bi ruwa, ban bi ta ba.

A shinge aka tarbe ni da kabbara. "Hedimasta ya kuɓuto!" Wanda ya saita mini bindiga jiya shi ya rungume ni. Isuhu ya fito idonsa ja don rashin barci, ya ce, "Mun yi iya yinmu, ya ƙi faɗa. Magana ɗaya yake ta yi, wai wurin uwarsa za shi. Taurin kai irin nasu, yadda ka sha gaya mana."

A bayan shagon faci na same shi, an ɗaure shi a jikin tayar tirela. Shuɗiyar shadda ta zama tsumma. Fuskarsa ta haye, leɓe ya fashe, ido ɗaya ya rufe. Ya dube ni da ɗayan.

"Buba?"

"Alhaji Garba," na ce. Na durƙusa ina kwance igiya. "Ni ne Sabi'u."

Na jira zagi, na jira tofin yawu. Ya ce, "Iya tana da rai?"

Sai da na rantse wa Isuhu a gaban jama'a, na ce in bai yarda ba ya biyo mu ya tambayi Iya, sannan ya sake shi, yana gunaguni cewa an ɓata musu aiki. Muka tsaya a famfon masallaci Yero ya wanke jini. Na fara cewa, "Yero, a kan surin nan..." Ya ce, "Na gan ka. Ni ma ai na hau." Gaskiya ne, shi ma ya hau. Wayarsa ta jawo ƙonewar tukunyar tuwo ɗaya. Ya tofar da ruwa ya ce, "Kada ka gaya mata."

Muka shiga ɗaki. Ya durƙusa a bakin gado ya ce, "Iya, na zo." Ta miƙo hannu biyu tana lalube har ta kama fuskarsa. Ta shafa goshi, ta shafa kumatun da suka kumbura, ta bi ta kan idon da ya rufe. Na ga ya damƙe ƙafar gado don zafi, amma bai motsa ba.

"Yero," ta ce, "ka yi ƙiba."

"Eh Iya. Nono ne."

Na fita tsakar gida na yi kukan da ban yi ba tun ranar Lawal. Da na dawo na tarar tana shan koko, shi ke riƙe mata kofi.

Kwanansa uku a gidanmu. A kwanakin nan majalisa ta zauna a kan lamarinsa ta fitar da hukunci: Yero mutumin kirki ne, amma shi ba Bafulatani ne sosai ba, nonon Hausa ya sha. Isuhu kuma ya yaba mini a bainar jama'a, ya ce da kowa na sa ido kamar Hedimasta da gari ya zauna lafiya. Aka juyo ana jiran in gyara tabarau in ƙara bayani. Na ce shayina ya huce.

Ran na huɗu da safe Yero ya fita alwala, Iya ta kira ni. Ta kama hannuna ta riƙe.

"Sabi'u, idona ne ya mutu, hannuna na nan. Na goyi 'ya'ya tara, na san ƙiba na san kumburi. Wa ya sa aka yi masa haka?"

Ga wurin da nake datsewa in ina ba ku labari a benci. Na ce, "Ni ne, Iya."

Ba ta saki hannuna ba. Daga waje ina jin ƙarar buta, Yero na kurkure bakin da bai gama warkewa ba.

"To tashi ka raka shi har gida," ta ce. "Ka sa naka kayan, ba na aro ba."